Ƙadangaren da Efraín Ya Bar Mata

Muƙamuƙin Goyo ya lanƙwashe a ƙarƙashin yatsanta kamar ɗanyen ƙullun masara.

Nayeli ta janye hannu da sauri...

Ta sake taɓawa a hankali, ko yatsan ne ya yi mata ƙarya. Bai yi ba. Ƙashin ya yi laushi, leɓen ƙasa ya saki, baki ya ƙi rufuwa. Ƙadangaren ya dube ta da ido ɗaya, ƙafarsa ta gaba tana karkarwa ita kaɗai.

Sai wayarta ta ɗauki ƙara a kan gado.

Lahadi, ƙarfe huɗu. Efraín ne, daga gonar tumatir ta Kanada. Bai taɓa saɓa lokaci ba.

Ta goge ido da gefen riga, ta juya wa akwatin gilashin baya, ta ɗaga. Fuskarsa ta cika wayar.

"'Yar gajerata..."

"Sarkin tumatir. Ka rame."

"Kewarki ce ke cin naman. Ina mutumina?"

"Yana barci."

"Kullum barci? Juyo mini da shi in gani mana."

"Saɓa yake yi, Efra. Ya shige ƙarƙashin itace. Kada mu dame shi."

"Amma yana ci?"

Ta kalli kwanon latas ɗin jiya. Ya yi yaushi, ko ganye ɗaya ba a taɓa ba.

"Kamar gara," ta ce.

Ya yi dariya har da dafe ƙirji. Ƙaryar farko ke nan, a watan Afrilu. Abin da ya tsorata ta, ko kaɗan ba ta yi mata nauyi a baki ba.

Goyo ba na Efraín ba ne tun asali. Na wansa ne, Ulises, wanda tirela ta take a hanyar Calpulalpan shekara biyu da suka wuce. Ƙadangare ne na kiwo, mai gemun ƙaya a wuya, tsawonsa daga yatsa zuwa gwiwar hannu. Ulises ya raɗa masa sunan da mutanen yankin ke kiran dutsen can mai aman hayaƙi, don in ya yi fushi wuyansa kan kumbura ya yi baƙi. Cikin abin da Ulises ya bari, shi kaɗai ke numfashi.

Uwarsu, Doña Meche, ta ce ba za ta zauna gida ɗaya da shi ba in Efraín ya tafi. Ko kallonsa ba ta yi. Don haka a watan Janairu Efraín ya rungumo akwatin ya kawo ɗakin Nayeli, ya jona fitilar da kansa.

"Wata takwas ne kawai," ya ce, bai dube ta ba. "In na dawo a Agusta zan zo in ɗauke ku... ku biyun."

Iyakar neman auren da ya iya ke nan. Ta kuwa gane.

Doña Meche ma ta gane. A tsakiyar kasuwar Nanacamilpa, gaban teburin da Nayeli ke sayar da tamal, wato alalen masara, ta faɗa wa wata ƙawarta da muryar da ba ta raɗa ba:

"Mu zuba ido. Wadda ba ta iya riƙon ƙadangare ba, ita za ta riƙe mini ɗa? Ɗaya ya rage mini."

Kowa ya san wadda take so ya aura. Yadira, yarinyar da ta riƙe ranar baftisma, mai aiki a shagon abincin dabbobi.

A gida ma babu daɗi. Uban Nayeli, Don Cuco, mai gadin dajin ƙwarin wuta ne, masu ƙyalli da dare da baƙi ke zuwa kallo, mutum mai ƙarancin magana da yawan tsaki.

"Namijin da ya bar wa mace dodo ya tsallake," ya ce, "wahala ya bar mata, ba alkawari ba."

Ƙwan fitilar ya mutu a Fabrairu. Nayeli ta naɗe shi a tsumma ta kai shagon su Yadira.

Yadira ta jujjuya shi, ta yi murmushi.

"Wannan sai Puebla, ƙawata. Amma me za ki wahala? Wuta ai wuta ce." Ta miƙo wani ƙwan daga kanta. "Wannan ma ya fi zafi. Ki kuma matsar da akwatin bakin taga, rana ta buge shi ta gilashi."

"Gyaren da yake ci fa? Ya ƙare."

"Bar gyare, tsutsar ciki yake sa musu. Latas, ƙawata. Ya fi sauƙi a ciki."

Nayeli har godiya ta yi.

A Mayu Yadira ta zo gidan da kanta, wai gaisuwa. Ta tsaya kan akwatin, ta dafe baki.

"Wayyo, ɗan tsoho... haka ya koma?"

Nayeli ta shiga kicin kawo mata ruwa. Da ta fito, ta ga Yadira na mayar da waya cikin jaka. Ba ta kawo komai a ranta ba.

Washegari Goyo ya yi yunƙurin hawa itacensa, ƙafafun baya suka ƙi bin sa. Ya ja ciki a ƙasa kamar an take shi. Nayeli ta rufe teburin tamal, ta naɗe shi a tawul, ta hau mota zuwa Puebla.

Likitar dabbobin mace ce mai furfura, mai gajeren haƙuri. Ta ɗaga Goyo, ta matsa muƙamuƙin, ta ɗora hoton ƙashi a kan haske. Ƙasusuwan kamar inuwa.

"Wace fitila kike sa masa?"

Nayeli ta nuna mata kwalin.

"Wannan na ɗumama ɗan tsako ne. Zafi kawai yake bayarwa. Shi ƙadangare akwai wani haske a cikin rana da jikinsa ke bukata kafin abinci ya zama ƙashi. Wannan ƙwan ba shi da shi."

"Amma yana bakin taga..."

"Gilashi na tare shi. Rana ta shigo, amfaninta ya tsaya a waje. Me yake ci?"

"Latas."

"Ruwa kike ba shi ke nan, mai launin kore." Likitar ta cire tabarau. "Wata uku jikinsa na cin ƙashinsa don ya rayu. Wa ya koya miki wannan?"

Nayeli ta shafa bayan Goyo, ta tambaya:

"Zai tashi?"

"Muƙamuƙin ba zai miƙe ba har abada. Amma zai iya rayuwa. Maganin nan a sirinji safe da yamma. Rana tsirara, ba gilashi. Nopal, ganyen nan mai kauri da ƙaya, furen kabewa, gyare a barbaɗe da wannan farin garin. Kada ki ba shi avocado, kada ki ba shi albasa. Ranar da ya kama abu da bakinsa ba ke kika ɗura masa ba, ranar ya tsallake."

Da ta dawo ta biya shagon. Ta ajiye ƙwan a kan kanta.

"Kin sani, Yadira."

Yadira ba ta fasa auna dusa ba.

"Ni likita ce? Mai sayar da dusa ce ni, ƙawata. Ke aka bar wa amana."

Maganar ta zauna, don gaskiya ce.

Lahadin nan Efraín ya kira. Bai yi dariya da yawa ba.

"Nayeli... lafiyarsa ƙalau?"

Ta buɗe baki. Sai ta ji muryar Doña Meche a kasuwa. Ta ga idonsa ja, ga gadajen ƙarfe a bayansa, ga shi shi kaɗai a ƙasar mutane. Ta ce a ranta, bari ya warke tukuna, sai in ba shi labari muna dariya.

"Ƙalau, rabin raina."

Ya daɗe yana kallonta.

"To," ya ce.

Damina ta sauka. Kowace safiya, da rana ta leƙo kafin hadari, Nayeli kan zauna a tsakar gida da Goyo a ƙirjinta. Ta buɗe bakin da farce a hankali, ta ɗiga magani. Ta gurza nopal, ta niƙa gyare, ta ɗura masa kaɗan-kaɗan. Wani lokaci ya haɗiye. Wani lokaci ya dawo da shi a rigarta.

Ta fara kiwon gyare a bokiti. Kukansu ya hana Don Cuco sakewa.

"Ƙadangaren bakin tulu ke nan," in ji shi. "A kashe ka a fasa tulu, a bar ka ka ɓata ruwa."

Amma wata rana ta tarar ya kafa ɗan keji na waya a inda rana ta fi daɗewa, don kada shaho ya sure shi. Bai ce shi ya yi ba. Bayan nan, in ya wuce, sai ya ɗan rage tafiya.

"Yaya surukin nawa? Har yanzu a baki ake ba shi?"

"Baba..."

"Tambaya na yi."

Karkarwar ta tsaya a Yuli. Ƙafafun baya suka dawo. Muƙamuƙin ya yi tauri a karkace, kamar mai murmushin mugunta. Abu ɗaya ya rage: ko gyare ya hau kan hancinsa, Goyo ba ya kai baki. Sai ya lumshe ido.

Saura kwana uku Efraín ya sauka.

Da safe ne. Ta jefa masa gyare na huɗu, gyaren ya zagaya shi ya fice ta ramin keji. Nayeli ta zauna a ƙasa, ta kifa kai a gwiwa. Ba ta yi sauti ba, kafaɗunta ne kawai ke motsi.

Don Cuco na bakin ƙofa, yana kakkaɓe bargon kafaɗarsa na ulu da ya shiga daji da shi jiya. Wani ɗan ƙwaro ya faɗo daga ninkin bargon, baƙi, mai ɗan ja a ka. Ya yi rarrafe a kan siminti. A inuwar ƙofar, gindinsa ya kunna sau ɗaya, hasken ya ɗauke. Ƙwaron wuta ne.

Goyo ya ɗaga kai.

Dokar daji kowa ya san ta a garin. Ba a kunna tocila, ba a ɗaga murya, ba a taɓa ƙwaron wuta. Don Cuco ya kori baƙi daga dajin saboda ƙwaro ɗaya a cikin kwalba. Shekara goma sha biyu, ko ɗaya bai taɓa riƙewa ba. In ya biyo shi gida, a hula yake mayar da shi.

Ya kalli ƙwaron. Ya kalli bayan 'yarsa.

"'Yata," ya ce a hankali. "Duba."

Ya sa yatsa biyu ya ɗauka. Ya tsuguna, gwiwarsa na ƙara, ya ajiye shi a gaban Goyo.

Goyo ya karkata kai. Ya yi taku ɗaya. Biyu.

Harshe ya fito.

"Ya ci..." Nayeli ta kama hannun ubanta. "Baba, ya ci! Da kansa!"

"Ashe ɗan gayu ne surukin nawa. Sai mai fitila yake ci." Don Cuco ya yi dariya, rabon da ta ji dariyarsa tun rasuwar uwarta. "Kada ki faɗa wa kowa. In yaron nan ya zo... ki ce ya shigo mu gaisa."

Ta rungume shi. Ta shiga ɗora ruwan kofi tana waƙa.

Kafin ruwan ya tafasa, Goyo ya fara girgiza kai.

Da ƙarfi, hagu da dama, kamar mai son yar da wani abu. Ya wangame baki. Ya yi yunƙurin amai, babu abin da ya fito. Gemun ya yi baƙi, baƙin ya gangara wuya, ya bi baya.

Ta kira likitar.

"Me ya ci?"

"Ƙwaron wuta. Guda ɗaya tak, ɗan ƙarami..."



"Daga ina kika ce kike?"

"Nanacamilpa."

Ta ji likitar ta sauke numfashi.

"Da na tambaye ki tun ranar... Guba ce a jikinsu, yarinya. Ƙadangarun nan na gida sun san su, ba sa taɓawa. Shi wannan baƙo ne, kakanninsa ba su taɓa ganin irinsu ba. Ɗaya ya isa."

"In taho yanzu? Awa biyu ne kawai..."

"Riƙe shi a jikinki," in ji likitar. "Kada ki sa shi a mota."

Ta riƙe shi a ƙirji, inda ya saba. Don Cuco na tsaye da bargon a hannu, bai motsa ba. Ruwan kofi ya ƙone a kan wuta, babu wanda ya tashi.

Kafin ƙararrawar coci ta buga goma, Goyo ya daina motsi.

"Ni ne," in ji Don Cuco. "Ni zan faɗa wa Efraín."

"In ka faɗa, gobe duk gari ya ji. Su karɓe maka daji."

"Su karɓa."

"Ni aka bar wa amana, Baba. Ka yi shiru."

Ran Asabar Efraín ya zo, da jaka a kafaɗa, ko gida bai sauke ta ba. Doña Meche na bayansa. Ba a gayyace ta ba.

Nayeli ta fito da kwalin takalmi, gawar Goyo a ciki, kwana uku tana cikin ƙanƙara. Ta ajiye a kan tebur.

Efraín ya buɗe. Ya sa babban yatsa ya shafa karkataccen muƙamuƙin.

Nayeli ta jira bakin Doña Meche. Ta shirya masa. Amma matar ta matso, ta leƙa kwalin. Ta zube a kan kujera.

"A kafaɗa Ulises yake ɗora shi..." ta ce. "Yana cin abinci yana ba shi a baki. In na yi faɗa ya ce, Mama, jikanki ne fa..." Ta toshe baki da gyale. "Shi ya sa ba na iya kallonsa. Yanzu kuma babu abin da zan ƙi kalla."

Da zagi ta yi, da ya fi sauƙi.

"Yaya aka yi?" in ji Efraín.

"Ƙwaron wuta na ba shi. Ban sani ba."

Don Cuco ya motsa a bakin ƙofa. Ta dube shi, ya tsaya.

"Da muƙamuƙin?"

"Fitilar ce ta mutu. Yadira ta ba ni wata, ta ce..."

"Yadira ta turo mini hotonsa tun Mayu."

Nayeli ta tuna wayar da Yadira ta mayar cikin jaka.

Efraín ya zuge jaka. Ya fito da dogon kwali mai rubutun wani yare, ya ajiye kusa da kwalin takalmin. Fitila ce, irin ta gaske.

"Sati na gaba da ganin hoton na saye ta. Kowace Lahadi ina tambayarki, Nayeli. Ina cewa yau za ta faɗa mini. Yau za ta ce, Efra, na shiga uku, taimake ni. Lahadi goma sha biyu. Ƙalau, rabin raina. Ƙalau."

"Tsoro nake ji..."

"Ni kike tsoro?"

Ta kalli fitilar. Sabuwa fil, ko ledar ba a yage ba. Wani abu ya taso mata daga ciki, ba kuka ba.

"Tun Mayu ka sani."

Efraín ya kawar da kai.

"Ka ga yadda ya koma. Ka sayi fitila ka sa a ƙarƙashin gado. Ba ka aiko ba. Ba ka ce, Nayeli, na gani, yi kaza ba." Muryarta ta yi ƙasa. "Ina nan ina ɗura masa abinci da sirinji, kai kana can kana ƙirga Lahadi. Jarrabawa kake yi mini da ƙadangaren ɗan'uwanka?"

"Ina so in san wadda zan aura."

"To ka sani. Ni ma na sani."

Ta ga maganar ta shige shi, ta ga kuma ba shi da inda zai ajiye ta. Da ɗayansu ya miƙa hannu a lokacin, wataƙila... Tebur ne kawai a tsakani. Kwali biyu a kai.

Gyare na ta kuka a bokiti.

Efraín ya rufe kwalin takalmin, ya rungume shi. Ya kama uwarsa ya tayar da ita. A bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba.

"'Yar gajera..."

Ta jira.

Bai ƙarasa ba. Ya fita.

An ce a gefen kabarin Ulises Efraín da uwarsa suka binne Goyo. Nayeli ba ta je ba. Ta kai bokitin bayan gida ta kifar, gyaren suka watse cikin masara.

Bayan sati biyu Don Cuco ya tare Efraín a hanya ya faɗa masa gaskiya. Da ya dawo ya zauna bai cire hula ba.

"Me ya ce?"

"Ya ce ya sani. Wai ya ga yadda na motsa a bakin ƙofa ranar." Ya murza fuska. "Ya ce, ba ƙwaron ne ya raba mu ba, Don Cuco."

"Ba shi ba ne," in ji Nayeli.

Efraín bai faɗa wa kowa ba, dajin bai bar hannun Don Cuco ba. Yadira ta yi ta zarya gidan Doña Meche har Kirsimeti, ba ta samu komai ba sai kofi. A Janairu Efraín ya koma Kanada. Lahadin farko, ƙarfe huɗu, Nayeli ta kife wayar a kan gado ta fita wanki. Da ta dawo ta duba. Ba wanda ya kira.

Fitilar na saman kabad, a cikin ledarta.

Da damina ta zagayo, ƙwarin wuta suka dawo dajin kamar kullum, baƙi suka cika gari, tamal ya yi kasuwa. Kowace safiya Nayeli kan ga ubanta ta taga. Yakan fita har bakin titi da bargon, ya buɗe kowane ninki, ya duba, ya kakkaɓe, ya sake dubawa, kafin ya yarda ya shigo da shi.

Ba ta taɓa ce masa ya bari ba, ko da yake babu sauran abin da ƙwaro zai kashe a gidan.